Bangon Fagni Bai

Talata, 18 ga Maris, da la'asar

Na iso ƙauyenmu, Kesalpani. Motar birnin Bhopal ta sauke ni a bakin kwalta, Janak ya ƙarasa da ni a babur. Ƙanena ne, ni na goya shi, amma tun da aka ba shi shugabancin kwamitin ƙauye yake yi mini magana kamar shi ya yanke mini cibiya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Didi, yayata, ke ce tafinta ranar da za su zo. Gari ya riga ya yanke." Na ce ya dubi gabansa kada ya zubar da ni a rami.

Bari in rubuta abin yadda yake, don in daina juya shi a kai. Hukuma ta ce dajinmu da kogunan dutsen da ke da zanen mutanen dā sun shiga cikin wurin da za a killace, kuma duk ƙauyen da ke ciki zai tashi ya koma gidajen bulo a bakin hanya. Ranar uku ga Afrilu wani kwamiti zai zo ya duba ko Kesalpani na cikin abin da ake karewa, ko cikin abin da ake kare dajin daga gare shi. Lauyan da Janak ya samo ya ce hujjarmu mai ƙarfi guda ɗaya ce, littafin malamina Farfesa Pendse. Littafin ya ce mu ne jikokin waɗanda suka yi zanen kogo, kuma shaidar ita ce zanen da ke bangon ɗakin Inna.

Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame, wai a birni ba a san miyar waken dal ba. Ta cika mini kwano har na ji kunya.

Laraba, 19 ga Maris, da hantsi

Mahuwa, bishiyar nan da muke shanya furenta mu yi giya, ta fara zuba. Da gari ya waye muka fita da kwanduna, ni da Inna, ƙarƙashin bishiyoyin nan uku da Baba ya bar mata. Furen yana faɗowa tip-tip a kan busassun ganye, ƙamshin nan mai hawa kai ya cika ko'ina. Ba a jima ba ƙuguna ya riƙe. Ita kuwa ta haura saba'in amma tana tsinta tana zagina, wai dakta guda ba ta iya sunkuyo ba, to me aka karantar da ni.

Da muka dawo na tsaya a gaban bangon. Tun ina jaririya nake ganinsa: jerin mutane da jar ƙasa, kowa ya riƙe ƙugun na gabansa, ƙaton bijimi a samansu, na ƙarshen layin ya waiwaya baya. Duk shekara tana yaɓe bangon da kashin shanu ta sake zanawa. Hoton wannan bangon yana bayan littafin da aka fassara zuwa harsuna da dama, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta, "Aikin wata mace 'yar ƙabilar." Sunanta Fagni Bai. Bai fi ƙarfin layi ɗaya ba.

Jumma'a, 21 ga Maris, da rana

Na hau kogon ni kaɗai. Sanyin cikinsa yana nan, warin jemagu ma yana nan.

Na zauna ina tuna aji na farko da na shiga wurin Farfesa. Ya ce matattu ba sa amsa tambaya, don haka mai son sanin abin da suka nufa da zanensu sai ya nemi rayayyun da har yanzu suke zaune irin zamansu. Haka aka koya masa, haka malaman malamansa suka yi a Turai. A wurinsu duk 'yan'adam tsani ɗaya suke hawa, wasu sun kai sama, wasu suna matakin farko. Idan aka tono zane a kogo sai a waiwaya ƙasan tsanin a tambayi maharban Ostareliya, ko na kudancin Afirka, ko mu. Dabba da kibiya a jiki, sihirin farauta ne. Mutum da kan barewa, boka ne. Mace mai ƙugu, roƙon haihuwa ne. Ba wanda ya yarda mutanen nan sun taɓa yin zane don ruwan sama ya tsare su a kogo, ko don su tsokani wani mai dogon hanci.

Ranar da ya haska hoton bangonmu a allo, ya ce, "Ga tagar da za mu leƙa zamanin dutse," ajin gaba ɗaya ya juyo ya dube ni. Ba da mugunta suka yi ba, shi ma ba da mugunta ya faɗa ba, alfahari yake da ni. Na ji daɗi a lokacin, abin da har yau yake ba ni haushi ke nan.

Akwai babi guda a littafin a kan mutumin da ya waiwaya. Farfesa ya ce ruhin mamaci ne yana duban rayayyu, kuma ya ce akwai shi a kogon, ya dushe ne kawai. Tun daga nan duk masanin da ya zo sai ya gan shi, wasu har sun zana shi a takardunsu da hannaye da ƙafafu. Yau na dube shi ta kowace fuska, na matsa, na ja baya, na jira rana ta karkata. Tabon ruwa ne da ya biyo dutse.

Ba yau na fara sani ba. Na zagaya ƙauyukan mutanenmu har takalmina ya huje, ban ga wannan jerin a bangon kowa ba sai a Kesalpani. Ban taɓa rubuta hakan ba, kullum ina cewa sai na ƙara bincike.

Lahadi, 23 ga Maris, da yamma

Zafi. Ban yi aikin komai ba. Inna tana shanya mahuwa a tsakar gida tana korar awaki.

Litinin, 24 ga Maris, bayan cin abincin rana

An yi taro a gindin tsamiya. Lauya ya aiko da saƙo cewa ranar kwamiti gari ya fito a kamanninsa na gargajiya, Janak kuma ya ɗauki maganar kamar daga sama ta sauko. Babura za a kai su bayan rafi. Farantan talabijin za a sauke. Wanda ke da rufin kwano ya shimfiɗa ciyawa a kai. 'Yan makaranta kada a ga kowa da inifom.

Sai aka zo kan Kaka Bhura, ƙanen Baba (a wurinmu ƙanen uba ake ce wa kaka), wanda ya yi aikin layin dogo har ya yi ritaya. Janak ya ce masa ya ajiye agogo da tabarau, ya ɗaura bante, in da hali ya riƙe baka.

Kaka ya ce, "Baka? In harbi uban wa da shi?"

"Riƙewa kawai za ka yi, Kaka."

"Kai yaro, ubanka ma bai taɓa riƙe baka ba, tsoron kurege yake yi. In na cire tabarau kuwa ita kanta shugabar baƙin zan iya ɗauka barewa ce."

Aka yi ta dariya har da masu hawaye. Ni ma na yi. Na ce wa Janak wannan wasan kwaikwayo ne. Ya ce, "To Didi, ku ne kuka rubuta wasan, mu 'yan fitowa ne. Ku kuka ce mu mutanen dā ne. Yanzu kina so su zo su tarar da mutanen dā suna kallon wasan ƙwallon kurket a talabijin?"

A ƙarshe Kaka ya yarda da banten, ya ce agogo kuwa sai dai a yanke hannun.

Alhamis, 27 ga Maris, da la'asar sakaliya

Yau Inna ta sake bangon. Jiya ta yaɓe, yau ya bushe. Ina riƙe mata ƙoƙon jar ƙasa tana tsoma tsinken da ta naɗa wa auduga a baka. Hannunta ba ya rawa ko kaɗan.

Ban shirya tambayar ba, fitowa ta yi. Na ce, "Inna, wa ya koya miki wannan?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Au, sai yau? An kai ki makaranta har gashinki ya fara fari, sai yau kika ga dama?"

Ga abin da ta faɗa, gwargwadon yadda na riƙe. Ita ba ta tashi a ƙauye ba. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ubanta ya yi ta yawo da ita wuraren da ake gasa bulo, can ta girma tana ɗaukar bulo a ka. Da aka kawo ta gidan Baba, al'adar gidan ita ce amarya ta ƙawata bangon ƙofa kafin bikin sabon hatsi. Sauran mata sun iya furanni da layukan da uwayensu suka koya musu, ita ko da'ira ba ta taɓa yi ba. Surukarta kuma mace ce mai baki, kullum "'yar bulo, 'yar bulo". Sai wata rana tana kiwon awaki ta shiga kogo ta sha inuwa, ta ɗaga kai ta ga jerin. Ta yi ta komawa tana kwaikwaya da yatsa a ƙasa har hannunta ya kama. Ran da ta sa shi a bango surukar ta tsaya ta duba, ta ce, "Wannan kuma wane irin hauka ne?" amma ba ta goge ba.

Na ce, "Na ƙarshen fa, da ya waiwaya?"

Ta yi dariya har sai da ta ajiye tsinken. "Wannan ai mai gadina ne. Shi ke duba mini ko tsohuwar na tahowa."

Bayan 'yan shekaru Sahab ya zo, haka take kiran Farfesa, da wani malamin makaranta da ke ɗan jin yarenmu sama-sama. Ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce dokra ne. Dokra a wurinmu tsoho ne. Muna faɗin haka ga tsohon da ke zaune a ƙofar gida, muna faɗa ga iyayen da suka riga mu, kuma haka makiyaya ke kiran mutanen da ke jikin kogo, tsofaffin kan dutse. Su take nufi, har nuna dutsen ta yi da hannu. Malamin ya ce wa Sahab kakanninta ne. Sahab ya cire tabarau ya share ido. Daga nan baƙi suka fara zuwa, sauran matan gari suka ga abin da baƙi ke so, kowa ta kwafa.

Na ce me ya sa ba ta gyara masa ba. Ta ce, "Da wane bakin? Mutum ya zo daga nesa yana kuka a ƙofar gidanka. Kuma shi ba ya jin yarenmu, na yafe masa tuni."

Sai ta tsoma tsinke ta ce, kamar mai maganar cefane, "Amma wannan karon zan faɗa musu. Tunda 'yata ce a tsakani, ba wani malami ba."

Na ce, "Inna, kin san abin da zai biyo baya?"

Ta ce, "Na gaji da zama tukunyar da wasu suka zuba abu a ciki. Ni na hau dutsen nan, ni na duba, ni na kawo shi gida. Na fi shekara arba'in ina zama da tsofaffin nan. In wannan bai isa a bar ni kusa da su ba, me zai isa?"

Ƙoƙon ya karkace a hannuna, jar ƙasa ta zube mini a ƙafa. Ta ce in je in wanke kafin ta bushe.

Jumma'a, 28 ga Maris, da safe

Inna ta fi ni gaskiya. Abin da na kwana da shi ke nan, kuma bai taimake ni da komai ba.

Asabar, 29 ga Maris, da rana

Na hau tudun makaranta inda waya ke kamawa na kira Farfesa. Muryarsa ta tsufa ƙwarai, yana magana yana hutawa. Na gaya masa duka, har da mai gadin. Da na gama sai na ji yana dariya, dariyar ta koma tari.

Ya ce, "Mai gadi. Shafi talatin na rubuta a kan mai gadi."

Na ce, "Sir, ban kira don in kunyata ka ba."

Ya ce ya sani. Ya ce tun da daɗewa yake jin ƙasan littafin na motsi, amma mutum ba ya son tona gindin gidan da yake kwana a ciki. Ya ce ya zo Kesalpani da amsar a aljihu, tambayar kawai yake nema, kuma duk tsararsa haka suka yi. Sannan ya ce, "Sewanti, 'yata, ki rushe shi. Ki rubuta, ni zan yi miki gabatarwa in ina da rai. Amma ki bari sai bayan uku ga wata. Yanzu ba littafi ba ne, rufi ne a kan mutane."

Na so in ji haushinsa, na kasa. Mutumin nan ya san sunan kowace akuya a gidanmu, kuma har yau bai tambayi kansa dalilin da ya sa sunan Inna ba ya ƙarƙashin hoton ba. Ban ce ya yi da gangan ba. Bai taɓa ganin akwai gurbin suna a wurin ba.

Litinin, 31 ga Maris, da magariba

Kuskure na yi da na gaya wa Janak. Ya tafi wurin Inna kai tsaye, ina jin su daga madafa.

"Inna, gida nawa ne a garin nan? Kabarin Baba fa? Bishiyoyinki fa? Kin ga gidajen bulon nan, ko inuwar da kaza za ta fake babu."

"Na san bulo, ɗan nan. Na fi ka saninsa."

"To don me za ki mayar da mu can saboda labarin surukarki?"

"Ba labarin surukata ba ne, nawa ne."

Ya fito ya same ni ina yanka albasa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Ke in an tashe mu kina da ɗaki a Bhopal mai fanka. Gaskiya ba ta da tsada a wurinki, Didi." Ya ɗauki gurasar roti ɗaya ya fita bai ci miya ba.

Ina son in ce ƙarya yake yi. Na yi ta tsara jawabi a kaina: cewa mutum ba sai ya kai shekara dubu goma a wuri ba kafin ya zama nasa, cewa kabari ɗaya ya isa, cewa ba mu yarda a bar mu saboda mun zama abin kallo ba. Jawabi mai kyau. Amma lauya ya ce ƙauyuka biyu na bayan dutse sun faɗi irin wannan bara, yanzu suna bakin hanya.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

An kwashe babura. Garin ya yi shiru kamar an yi rasuwa, rufin kowa ya sha ciyawa, wasu sun sa ta a karkace kwanon na leƙowa. Kaka Bhura yana yawo da bante da agogo yana tambayar kowa ko ya ga zamanin dutse ya wuce ta nan.

Inna ta wanke farin sarinta, zanen fitarta mai jan gefe. Tana tsefe kai ta kira ni, ta ce, "Sewanti, abin da na faɗa shi za ki faɗa. Kar ki ƙara gishiri, kar ki rage."

Na ce to.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da la'asar

Sun zo, sun tafi. Mota biyu. Shugabar mace ce mai kirki, ta cire takalmi kafin ta shiga tsakar gidanmu. Sun sha ruwa, sun ƙi giyar mahuwa, ɗaya daga cikinsu ya karɓa a ɓoye. Akuyar Inna ta ci gefen takardar wani.

An yi zafi sosai yau.

Jumma'a, 4 ga Afrilu, da safe

Mahuwa ta kusa ƙarewa. Inna ta fita tsinta ba ta tashe ni ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu, da rana

Zagaye-zagayen ya isa. In ban rubuta ba zai ci gaba da zama mini a ƙirji.

An shimfiɗa musu tabarma a gaban bangon, gari kuma ya kewaye, har kan katanga. Shugabar ta juya bayan littafin Farfesa ta duba hoton, ta duba bangon, ta yi murmushi. Ta ce da Hindi, "Tambaye ta, wa ya koya mata?" Na tambaya.

Inna ta gyara zama ta fara. Ban taɓa jin ta yi magana mai kyau irin ta ranar ba. Ta faɗi wurin gasa bulo, da nauyinsa a wuyan yarinya, da zuwanta garin nan ba ta san kowa ba. Ta faɗi awaki, da inuwar kogo, da yadda ta ɗaga kai ta ga mutane riƙe da juna ita kuma ba mai riƙe ta. Ta ce ba ta san su waye ba, ba ta san abin da suke yi ba, rawa ce ko tsallake rafi, ba su gaya mata ba ita ma ba ta ƙirƙira musu ba. Ta ce ita ta fara sa su a bango a garin nan, sunanta Fagni Bai, a rubuta.

Kowa a wurin ya ji, ban da baƙin. Ba wanda ya yi tari. Na ga matar maƙwabcinmu ta ja ɗanta jikinta. Na ga Janak, bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, jijiyar wuyansa ta tashi. Kaka Bhura ya rufe agogonsa da tafin hannu, ban san dalili ba. Shugabar ta juyo da biro a hannu tana jirana.

Na ce, "Ta ce daga kakanni ta gada. Uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika, tun ba a san farko ba."

Ba a tilasta mini ƙarin ba. Da kansa ya fito, sumul, da irin muryar da nake karantarwa da ita.

Shugabar ta ce, "Duk wannan dogon bayanin?" Na ce harshenmu yana da zagaye. Suka yi dariya, suka rubuta. Wani ya nuna na ƙarshen layin ya ce shi wannan fa, na karanto masa babin Farfesa da ka, ruhin mamaci da duk sauran. Ya ce abin ban mamaki ne yadda mutanen nan suka riƙe abu shekara dubbai ba tare da rubutu ba.

Sunanta ma ban faɗa ba. Da na faɗa da ba abin da zai rage, amma bakina ya riga ya hau hanyar da ya saba.

Inna ta dube ni lokacin da na ce "kakanni", don wannan kalmar ta san ta, ta sha jin ta a bakin baƙi. Ta miƙe ta kakkaɓe sarinta ta shiga ɗaki.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

An dawo da babura. Janak ya kawo mini kankana daga kasuwa ya ajiye ya fita. Mata suna gaishe ni da wata irin girmamawa da ban so. Ba wanda ya ta da maganar, ko ɗaya, kamar gari guda ya haɗa baki a kan bai ji abin da tsohuwa ta faɗa ba.

Inna tana dafa mini abinci. Tana ajiyewa ta koma.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

Na gwada. Na same ta tana ɗure busasshiyar mahuwa a buhu, na riƙe mata bakin buhun, na ce, "Inna, zan rubuta shi duka. Da sunanki, da hotonki, da mai gadin. Farfesa ma ya yarda." Ta ɗaure buhun ta ja shi ciki ita kaɗai.

In na rubuta ma yaushe? In an bar mu, a kan wannan maganar aka bar mu, kuma takarda tana da ƙafa. Sai bayan shekara nawa zai zama ba haɗari? Ita kuma shekara nawa gare ta a gaba?

Na yi shekaru ina jin haushin mutanen da suka zo suka sa wa matattu magana a baki, suka ɗauko ta daga bakin rayayyun da su ma ba a saurare su ba. Ina ce musu ba su iya harshe ba, ba su zauna ba, ba su san mu ba. Ni na iya, na zauna, a cikin Inna na kwanta wata tara.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da rana

Shiru. Zafi. Rijiyar gabas ta ja baya. Hutuna ya ƙare tun shekaranjiya, na kira na ƙara.

Talata, 22 ga Afrilu, da magariba

An bar mu. Lauya ya kira Janak da rana, Janak ya sauko daga tudun makaranta da gudu yana ihu takalmi ɗaya a hannu. Kesalpani ba za ta tashi ba. Akwai sharuɗɗa, wai kada a canza kamannin gari, rufin kwano da sabon gini sai da izini, amma yau ba mai sauraron wannan. An fito da ganguna, an yanka akuya biyu. Kaka Bhura ya sha ya ƙoshi ya rungume ni yana cewa bakin 'yar wansa ya fi na lauya.

Na yi murna. Ina so in rubuta wannan a fili don gaskiya ne: na ga yara suna tsalle a ƙarƙashin tsamiya na yi murna har na yi kuka. In aka mayar da ni ranar, ban san ko zan yi dabam ba.

Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta kalli rawar. Da Janak ya durƙusa ya taɓa ƙafarta ta shafa kansa.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Na haɗa kayana. Ina zaune a bakin gado ta shigo da shayi, ba a kofin ƙarfen da muke sha ba, a kofin tangaran mai faranti da ake saukowa da shi daga saman kabad idan ma'aikacin gwamnati ya zo. Ta ajiye a gabana da hannu biyu.

Ta ce, "Ga shayi, Madam-ji. A duba ko sukari ya ji."

Da Hindi ta faɗa, da kiran da ake yi wa ma'aikaciyar gwamnati. Hindinta na wurin bulo ne, karyayye, wanda take yi wa kwandastan mota da mai awon hatsi. Tun da aka haife ni ba ta taɓa yi mini shi ba.

Na ce mata da yarenmu, "Inna, ni ce fa. Don Allah."

Ta tsaya tana neman kalmomin, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Da wannan dai zan yi, Madam-ji. Ba shi da daɗi a bakina. Amma abin da na faɗa da shi, shi ake ji."

Ta jira har na shanye, ta karɓi kofin ta tafi wankewa. Janak yana waje yana ta da babur.